Shekarun da na yi ina jiran a gwada ni

Tuƙi dai na iya shi tun kafin gemu ya cika mini fuska, kowa a unguwarmu Komah ta garin Sokode ya sani. Takardar tuƙi ce ba ni da ita, wadda muke ce wa farmi. A zamanin Faransa kuwa, ko ka iya tuƙa mota a kan igiya, in ba farmi kai ba kowa ba ne.

Kawuna ne direban motar wani attajirin goro, ni kuma yaron motarsa. Ciwon yana ya fara rufe wa Kawu ido, sai muka ɓoye. Ni ke tuƙi, yana gefe da farminsa a aljihu, in mun kusa shingen 'yan sanda mu sauya wuri. Da mai motar ya gane, bai yi faɗa ba. Ya ce in samo takarda motar ta zauna a hannunmu, in ba haka ba zai kawo direba daga Lome. Gida biyu ke ci daga motar nan, nawa da na Kawu.

Baturen da ke gwaji daga Lome yake zuwa, da rani kawai. Jirgin ƙasa ya kawo shi Blitta, mota ta ƙaraso da shi Sokode. Sai a fara da waɗanda suka rage bara, da na bara waccan. Ya gwada 'yan kaɗan, rana ta yi zafi, ya ce ya gaji. Mu da muka yini a gindin mangwaro ba mu gaji ba ke nan! Kuma kai za ka zo da motar da za a gwada ka, alhali rani ne lokacin jigilar gyaɗa. Wane attajiri ne zai ajiye motarsa a ƙofar kumandan, wato Baturen mulki, tana jiran wanda ba a san ranar zuwansa ba?

Shekarar farko layi bai zo kaina ba. Ta biyu ya zo, mota tana arewa. Na tsaya kamar wanda ya je farauta ba kare.

A ta uku mai motar ya ce daga wannan shi ke nan. Akawun ofis ya ba ni shawara, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya ba ni, ya ce bana Baturen zai fara da Dapaong da ke ƙuryar arewa, can masu jira ba su da yawa. Muka yi lodin gishiri muka kama hanya. Jirgin fito ya riƙe mu a kogin Mango har na fara zagin ruwa.

Bayan mun haye, sai ga wata ƙaramar mota tana tahowa daga gaba. Al'ada ce, in motar Bature ta taho ka sauka gefe, ka fito, ka cire hula. Haka muka yi, ni da Kawu, har da rusunawa. Ya wuce bai ko dube mu ba.

A Dapaong aka ce mana ai ya gama ya juya Sokode, ba mu gamu da shi a hanya ba? Na zauna a kan taya. Kawu kuwa sai tasbihi yake ja.

Ba a komawa da mota wayam, dole muka jira lodin gyaɗa. Kafin mu iso Sokode ya sauka Blitta. Abokan jirana suka ce an kira sunana har sau biyu, kuma wanda aka kira ba ya nan, ƙarshen layi yake komawa. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi. Wa zan kai wa ƙara? Wanda zan kai ƙararsa shi ne mai shari'ar.

Kafin ruwan farko direban Lome ya iso. Kawu ya miƙa masa hannun tayar da inji, ya zagaya da shi yana shafa jikin motar, yana gaya masa halinta: tana zafi a hawan dutsen Aledjo, birkinta sai an taka sau biyu. Da ya gama ya juyo inda yake jin numfashina, 'yan lodi duk suna kallo.

Ya ce, "Kama hannuna mu je gida. Yanzu ba wanda zan ɓoye wa."

Na kama. Muka bi ta tsakiyar kasuwa, ina gaya masa inda kwata take.