Shekarar da Malam Armaya'u Ya Ciwo Kofi

Malam Armaya'u Na'iya haifaffen Kebbe ne, ɗan manomi, kuma a gidansu shi kaɗai aka kai boko. Ba don ya fi 'yan'uwansa kai aka zaɓe shi ba. Ranar da dogarai suka zo neman yara shi aka tarar a ƙofar gida yana jinyar kurkunu, sauran duk suna gona. Daga elementare ya wuce Midil a Sakkwato, daga nan makarantar horon malamai, kuma a can ya fara taɓa ƙwallon fata, irin mai igiya a baki. Bai zama ɗan wasan kirki ba, don ƙafar da kurkunu ya ci ba ta ƙara yin ƙarfi ba, amma Allah ya ba shi ido. In ya tsaya bakin fili yakan ga inda ƙwallo ya kamata ta je tun kafin mai ita ya gani.

Gab da samun mulkin kai aka turo shi babbar firamare ta Tambuwal. Da safe ya koyar da lissafi, da la'asar ya rataya usur ya fita da yara fili. Dokarsa ɗaya ce.

"Ƙwallo ba tsuntsuwa ba ta," haka yake ce musu. "Ku bar ta ƙasa. Ka ba ɗan'uwanka, shi ba ka, in mutum ya taho maka ka yanke shi ka wuce."

Kafin a daɗe yaran suka kama. Ƙafa ba takalmi, amma ƙwallo tana yawo a tsakaninsu kamar an ɗaure ta da zare. Gwaninsu wani siririn yaro ne ɗan Sanyinna, Sama'ilu, wanda kan yanke mutum uku ya tsaya ya jira su taso ya sake yanke su. Ranar wasa 'yan kasuwa sukan rufe rumfa da wuri, mahauta su zo da wuƙaƙensu a ɗamara, masu tallar gyaɗa su kewaye fili. Wanda ya fi kowa murya shi ne Ɗanmaliki tela, da yakan bar ɗinkin mutane a kan keke ya zo ya yi ta tsalle har hularsa ta faɗi.

Abin da ya rage kawai, ba sa cin wasa. Ranar bikin mulkin kai, yara na riƙe da 'yan tutoci kore da fari, suka kara da makarantar Dogon Daji, aka ci su, amma Sama'ilu ne mutane suka ɗauka a kafaɗa har bakin kasuwa. Kashegari hedimasta, Malam Attahiru, ya kira Armaya'u ofis.

"Wasanku na da kyawo, ban musa ba," in ji shi. "Amma kyawo ba a aza shi bisa tebur. In mai duba makarantu ya zo, mi za ni nuna mai? Dariyar Ɗanmaliki?"

"Ranka shi daɗe, yara na. In ba su ji daɗi yanzu ba, yaushe za su ji?"

"Ci ma daɗi na. Ka tambaye su."

Armaya'u ya yi murmushi ya fita, bai canza komai ba. A lokacin yana da abin murmushi. Ya auri Zaituna, 'yar wani mai sayar da goro, suna zaune a gidan malamai da ke bayan fili, har sun sami 'yarsu Ni'imatu. Zaituna ba ta taɓa ganin wasan da idonta ba, amma ta kan katanga take jin komai. In ya dawo takan ce masa yau Sama'ilu ya yi ɓarna, don ta ji irin ihun da ake yi masa shi kaɗai. Wani lokaci ta faɗi yadda aka tashi tun kafin ya buɗe baki.

Da bazarar shekara ta uku sanƙarau ya shigo gari. Zaituna ta kwanta da ciwon kai, wuyanta ya sandare. Malamin disfensare ya zo ya duba, ya ce a nemi motar Sakkwato. Kafin a sami mota, Zaituna ta cika. Aka yi mata sutura, aka kai ta, aka zauna makoki. Mahaifiyar Armaya'u, Inna Hinde, ta zo daga Kebbe ta goya Ni'imatu ta tafi da ita, don jaririya ba ta zama hannun namiji. Masu ta'aziyya suka yi ta yabon haƙurin Armaya'u, ba wanda ya ga hawayensa. Shi ma ya yi ta jiran kukan ya zo, bai zo ba.

Da aka share makoki ya koma aiki. La'asar ta farko da ya fita fili, Sama'ilu ya karɓi ƙwallo ya bi ta cikin yara yana watsa su, 'yan kallo suka kaure da ihu. Armaya'u ya tsaya yana jiran abin nan da yakan taso masa a ƙirji. Ba abin da ya taso. Ya ga yara dai suna gudu a cikin rana, ya ji hayaniya ta dame shi. Sai ya busa usur.

Ya tara su ya sake jeri. Ƙatti duka ya mai da su baya, gaban gola. Ya zaɓi wani dogo mai gudu ya ajiye shi gaba shi kaɗai. Ya ce duk wanda ƙwallo ta zo masa ya narka ta sama can gaba, kada ya tsaya kallon kowa. In an riga an ci ɗaya, a yi ta buga ta cikin gonar dawa har lokaci ya cika. Ba wai ya zauna ya yi tunani ne ya gane gaskiyar hedimasta ba. Irin wannan wasan ba ya buƙatar ido, ba ya buƙatar magana, mutum na iya tsayawa ƙarƙashin dalbejiya hankalinsa na wani wuri, yara su yi ta yi.

Sama'ilu ya gwada, ƙafarsa ta ƙi. Duk sanda ƙwallo ta zo masa sai ya tsayar da ita ya nemi wanda zai yanka. Armaya'u bai yi masa faɗa ba, bai doke shi ba. Ya ce ya koma bakin fili ya zauna, nan kuwa ya zauna har ƙarshen shekara.

Suka fara ci. Suka ci Sanyinna, suka ci Dogon Daji har gida, kowane wasa da ƙwallo ɗaya tak. Malam Attahiru ya riƙa zuwa fili da kujerarsa. 'Yan kasuwa kuwa suka daina rufe rumfa, masu gyaɗa suka koma tasha. Wata rana Ɗanmaliki ya tare Armaya'u a hanyar masallaci, ransa a ɓace.

"Malam, wanga abu da kaka yi ba ƙwallo ba ta, dambe na. Da, ko ci fuɗu anka yi muna, sai mu kwana muna labarin wasa. Yanzu kun ci, ba ni da abin ba iyalina labari. Mi munka yi maka?"

"Ba ku yi mani komi ba."

"To ka maido yaron nan fili!"

"Allah shi kai mu," in ji Armaya'u, ya shiga alwala.

Gardama ta koma rumfar tela. Malam Attahiru yakan zauna can da yamma a kan benci, yana cewa makaranta ba gidan wasan kwaikwayo ba ce, yaron da ya saba da shan kashi yana dariya haka zai girma, ga shi kuwa Turawa sun tafi, Arewa na neman maza masu son gaba. Ɗanmaliki yana taka keke yana cewa abin da aka koya wa yaran yanzu shi ne tsoro, kowa ƙwallo ta zo masa sai ya rabu da ita kamar garwashi. Kowannensu yana da bayanin abin da Malam Armaya'u yake nufi. Hedimasta ya ce ya girma ne, tela ya ce an tsorata shi da canjin wurin aiki. Shi kuwa yakan wuce ta gabansu ya yi sallama, ya tafi ɗakinsa ya zauna a kan tabarma har a kira magariba.

Ƙarshen shekara suka kai wasan ƙarshe na makarantun lardi, aka kwashe su a lori zuwa Sakkwato. Abokan karawarsu suna da takalma da riguna iri ɗaya, kuma su suka riƙe ƙwallo tun daga farko. Ana dab da tashi wani ƙato daga baya ya narka ta sama, ta sauko ta bugi gwiwar dogon yaron nan, ta gangara raga. Shi kansa bai san ya ci ba sai da aka rungume shi. Aka miƙa wa Armaya'u kofi. Ya karɓa, ya ji ba shi da nauyi, kwano ne aka shafa wa fenti. Mai hoto ya ce ya yi dariya, ya buɗe haƙora.

A Tambuwal an tarye su da kiɗa, har Ɗanmaliki ya fito, ko da yake daga nesa ya tsaya. Aka aza kofin a kan teburin hedimasta. Ranar da 'yan ajin ƙarshe za su watse, Sama'ilu ya zo ƙofar ɗakinsa ya durƙusa, da akwatinsa a gefe.

"Malam, na zo in yi maka sallama. In akwai laifin da na yi maka, ka yafe mani."

Armaya'u ya dube shi. Ya san akwai maganar da ta kamata ya faɗa, ya nema a ransa bai same ta ba.

"Babu laifi. Allah shi yi maka albarka."

Yaron ya jira kaɗan, sannan ya ɗauki akwatinsa. Daga baya aka ji ya zama yaron mota a hanyar Jega.

Malam Attahiru ya yi ta shirin shekara mai zuwa, har yana maganar sayo takalma, sai Armaya'u ya nemi a mai da shi Kebbe. Aka yi ta ba shi baki, ya ce mahaifiyarsa ta tsufa. Makarantar da aka ba shi ƙarama ce, ajujuwan laka, ba fili ba ƙwallo, yara sai dai su dunƙule tsumma. Ni'imatu ta yi wayo, tana bin Inna Hinde ko'ina, shi kuwa Malam take ce masa kamar sauran yaran unguwa. Bai hana ta ba. Ranar da rediyo ta kawo labarin sojoji sun kifar da gwamnati, mutane suka yi cirko-cirko a ƙofar gida wasu na kuka, ya sallami yara da wuri, ya wuce fadama ya duba albasarsa.

Can hukumar En'e ta aiko wa makarantar da ƙwallo sabuwa, tare da wani saurayin malami, Ɗan'iya, wanda ya ga wasan Sakkwato da idonsa. Ya zo da zumuɗi ya sami Armaya'u a inuwar aji.

"Ranka shi daɗe, kai ka san abin nan. Wane za ni koya ma yara, na ci ko na kallo?"

"Duka biyu na taɓa yi."

"To wane ya fi?"

Armaya'u ya yi tunani da gaske, don ba ya son ya yi wa yaron ƙarya.

"Ban sani ba," ya ce. "Ka share musu wuri bayan aji, akwai ƙaya."

A Kebbe ya ci gaba da koyar da lissafi, bai sake aure ba, bai kuma sake rataya usur ba. In an tashi makaranta yakan wuce fadama, ya dawo gab da magariba, Ni'imatu ta kawo masa ruwa a buta, ta ce Inna ta ce tuwo ya sauka.