Kariyar da Na Kusa Kashewa da Tausayi

Ku sababbin shiga aikin lambu, bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni ne na kusa nutsar da itacen hamada a tsakiyar Garwa, a watan Afrilu.

Lokacin hutun makaranta ne, ina aiki wajen Kawu Hamadu, mai kula da lambun wani otel. A bakin ƙofar otel ɗin akwai tsibin duwatsu, a tsakiyarsu bishiyar kariya guda ɗaya, mai ƙaton gindi kamar tulu da jan fure. Daga duwatsun Mora ya ɗauko ta, shekara tara yana renonta. Ko 'ya'yansa ba ya yi wa irin kallon da yake mata.

Da zai tafi bikin suna a garin Bogo ya ce, "Ka shayar da komai, ban da wannan. Ko kuka ta yi, ka wuce."

To, ranar Garwa kun san ta, ƙadangare ma da gudu yake tsallake titi. Na dubi baiwar Allah a cikin duwatsu masu zafi, na ce Kawu ba shi da imani. Na ba ta bokiti biyu da safe, biyu da yamma. Na kwashe tsakuwar gindinta, na zuba kashin shanu daga mayanka. Da ganyen ya yi rawaya na ce ƙishirwa ce, na ƙara bokiti.

Kwana takwas Kawu ya dawo. Ya danna gindin da babban yatsa, yatsan ya shige kamar cikin nunanniyar gwanda.

"Sani, me ta yi maka?"

"Tausayinta na ji, Kawu."

"Don Allah ni kada ka taɓa jin tausayina."

Ya tone ta, ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, ya shafa toka, ya rataye ta a inuwa. Yana yi yana gaya mini cewa tulun nan rumbun ruwanta ne, duwatsun kuma aikinsu su bar ruwa ya zurare. A aikin nan, in ji shi, sanin lokacin ajiye bokiti ya fi ɗaukarsa wuya.

Bayan kwana goma ya mayar da ita cikin yashi da tsakuwa. Ta rayu, amma rabin gindin ya tafi, kuma ba ta yi fure ba sai da shekara ta zagayo. Ni kuwa aka mayar da ni sashen ciyawa, inda nake har yanzu.