Injin da Malam Ya Ji Ana Kiran Salla

Ku ji yadda aka yi mota ta bar hannun maigidana. Ba haɗari ba ne. Gardama ce a zaure, a kan wata mota da ba ta taɓa taka ƙasarmu ba.

Tun ina amarya Malam direba ne. Dutse zuwa Kiyawa, Dutse zuwa Ringim, yana kai mutane da buhunansu har gemunsa ya yi fari. Abin da aka san shi da shi kuwa kunne ne. Mota za ta wuce, yana zaune da kwanon fura, ya ce, "Wannan ba za ta kai Aujara ba." Kafin magariba sai a zo a ce an gan ta a gefen hanya, baki buɗe. Ni ma zama da shi ya koya mini muryar inji. Nakan gane tasa tun tana kwanar masallaci, in tashi in ɗora ruwan wanka.

Ranar nan bayan azahar, babban ɗanmu ya zo da wani tsohon fim na Turawa a wayarsa. Suka zauna a zaure su uku, shi da Malam da aminin Malam, wani tsohon makanike. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, labule a ɗage, ina hango su. A fim ɗin wata baƙar mota ce ke gudu, 'yan sanda na bin ta, tana hawa tudu tana dira kamar akuya. Sai gardama ta tashi a kan silindar da ke cikin injinta, wato 'yan tukwanen nan da wuta ke ci a ciki.

Makanike ya ce, "Shida ne. Dubi hancinta, ina takwas za su zauna?"

Malam ya ce, "Kai da ka ƙare a ƙarƙashin mota, yaushe ka ga hanci? Takwas ne."

"Direba, tuƙi ka iya. Ciki namu ne."

"Cikin da kuke buɗewa ku bar noti uku a ƙasa, ku ce daga kamfani suka yi yawa?"

Aka yi dariya. Ɗanmu ya ce, "Baba, an ce masu fim sukan ari ƙarar wata mota su ɗora wa wata."

Malam bai ko juyo ba. Na ɗauka raina maganar ya yi.

Ana cikin haka ladan ya ɗaga murya, la'asar ta yi. Ɗanmu ya yi abin da kowa ke yi, ya kashe muryar waya, hoto kaɗai ke tafiya. Makanike ya sunkuyar da kai yana amsa kira. Ni ma na dakata.

Sai Malam ya matso kusa da wayar, ya ɗaga yatsa.

"Yawwa! Ku saurara. Kun ji gurnanin nan? Shida ba ya yin haka. Saurara mana, makanike!"

Ba abin da ke fitowa daga wayar nan. Babu. Masallaci kuwa gida biyu ne tsakaninmu, ladan na tsakiyar kira.

Makanike ya dubi ɗanmu, ɗanmu ya dubi ƙasa. Can makanike ya ce a hankali, "Takwas ne, Direba. Na yarda." Shekarunsu tare, ban taɓa jin ya yarda da komai ba. Wannan yardar ta fi komai tsorata ni.

Ina zaune abubuwa suka riƙa dawo mini. Rediyon da yake ƙure wa murya. Yadda ya koma kallon bakina in ina magana. Sallamar baƙi da yake bari in amsa. Ga shi gobe zai cika mota da mutane zuwa Ringim, hanyar da tirela ke danna hon daga baya, mai babur ke faɗowa daga lungu, shanu ke ƙetarewa.

Na tare ɗanmu a soro. Ya ce, "Inna, ni ba zan iya faɗa wa Baba ba." Na san ba zai iya ba.

Washegari da hantsi Malam ya tada mota a ƙofar gida. Na leƙo. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, murfin inji, ya rufe ido. Ashe da hannu yake ji, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Na tsaya a bayansa na ce, "Malam." Shiru. Na ƙara. Na uku na ɗaga muryar da ban taɓa ɗaga masa ba, har maƙwabciya ta leƙo. Bai motsa ba.

Sai na ja mayafina, na zagaya, na tsaya a gaban motar. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Lafiya?"

Na ɗaga masa yatsu uku, na ce a hankali yadda zai ga bakina, "Sau uku na kira ka. Jiya ma muryar wayar a kashe take."

Ya daɗe yana kallona. Injin na ta rawa a ƙarƙashin hannunsa. Na yi zaton zai ce in kauce, ban kuma san abin da zan yi ba in ya faɗa.

Ya zura hannu ta taga ya kashe motar. Ya zaro makulli, ya miƙa wa ɗanmu da ke tsaye a bakin zaure, bai dube shi ba. Ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja, ya ɗora hannu a jikin ƙofa.

Yanzu ko tsawa ba ya ji. Makanike yakan zo su zauna a zaure. Wani lokaci Malam ya ɗaga masa yatsu takwas, shi kuma ya ɗaga shida.