Jan Albasar Aliero

Kawuna mai rubuta allunan shaguna ne a Jega. Sau ɗaya tak ya zana abin da ransa ke so: albasa jibge a gona, a Aliero. Wata uku yana kan allon nan. Ni na ɗauki hotonsa da wayata, da tsakar rana, na tura ma wani Alhaji dillalin albasa da ke son rataya allon a ofishinsa.

Alhaji ya amso da saƙon murya: "Wagga albasa cikin ruwa ta kwana? Tamu ba haka take ba."

Na sake duba hoton. Da gaskiyarsa, jan ya koma ruwan ƙasa. Kawu bai yi gardama ba. Ya ce ran Juma'a zai shafe allon da farin fenti, ya rubuta ma wani mai shagon magani suna a kai.

"Kawu, waya ta yi ƙarya, ba kai ba."

"Bari dai, ɗiyata. Abin da mutane sunka gani shi ne aikin."

Ba ni da haƙuri, kowa ya sani, amma kwana uku na yi ina sake ɗaukar hoton allon nan. Cikin ɗaki, ƙwan lantarki ya mai da albasar ruwan ɗorawa. Ƙarƙashin itacen dogon yaro ta yi kore-kore. Da na koma tsakar gida sai ta fito jawur kamar tumatur. Na daɗe ina tsaki kafin in gane jan hijabina ne ke haskawa kan fentin. Na aro baƙin hijabin innata. Na kuma kashe abin gyaran fuskar nan na waya, ashe albasar ma bilicin yake yi mata.

Ran Alhamis na sayo albasar Aliero guda a kasuwa. Da hantsi na jingina allon a inuwar katanga, na aje albasar da farar takarda a gindinsa. Na yi ta rage haske ina ƙarawa, in dubi waya in dubi ƙasa, har takardar ta fito fara sol, albasar cikin waya ta yi daidai da wadda ke gabana. Ban yanke ta daga hoton ba, haka na tura.

Safiyar Juma'a Kawu na motsa farin fentinsa saƙon Alhaji ya shigo. Na kunna masa.

"To, yanzu na ga albasa. A kawo min gobe."

Kawu ya rufe gwangwanin fentin, ya danna murfin da diddige.

"Ina albasar taki? Kai ma innarki ta sa a miya."