Turakun Baffa Yero

Fita daga Kaura

Na bar gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Inna tana cikin takaba, don haka iyakarta ƙofar zaure. Ta miƙo mini ƙullin hoce na guzuri da ɗan buhun gero, ta ce geron ba nawa ba ne, na Baffa Yero ne.

"In ka ishe shi, Lawali, kada ka fara da maganar turaka. Ka bari ya sha ruwa tukuna."

Ga dalilin tafiyar. Mahaifinmu yana da gona yamma da Kaura Namoda. Tun ina yaro, duk rani wani makiyayi, Baffa Yero, yakan sauka a cikinta da garkensa. Shanu su kwana su zuba taki, Baba kuma ya ba shi gero. A al'adarsu, idan makiyayi zai tashi kuma yana da niyyar dawowa, sai ya bar turakunsa kafe a ƙasa. Manomi ba ya cire su sai mai su ya ce a cire. A shekarar da daji ya lalace Baffa Yero ya tashi, ya bar turakunsa na icen ƙirya, bai sake dawowa ba. Kowace damina Baba yakan kewaye su da garma kamar yana kewaye mutum mai barci.

Baba ya rasu a tsakiyar daminar bana. Da aka watse zaman makoki, yayana Bala ya ce a tumɓuke turakun, don mutane sun fara tambayar wa muke jira, kuma irin wannan tambaya a yanzu tana iya cin ran mutum. Ban ga laifinsa ba. Inna ta ce ba za a taɓa su ba sai an ji daga bakin mai su. Yaya Bala ya ce ya ba ni zuwa girbi. Shi ne na fito neman inda Baffa Yero ya kafa zango, in gaya masa abokinsa ya rasu, in kuma tambaye shi.

A tasha na sami motar Zurmi ta kusa cika. Ba mu tashi ba sai da rana ta fito, don direba ya ce shi ba ya buɗe hanya, sai ya ga wasu sun wuce sun dawo. Ya dubi buhuna.

"Malam, kowa na kawo gero Kaura, kai kana fita da shi. Can za ka koya musu noma?"

Na ce saƙo ne. Ya ce to Allah ya sa mai saƙon yana nan. Duk motar aka amsa da amin, ba wanda ya tambayi ko wane ne.

Birnin Tsaba

Mun wuce shingen bincike, aka buɗe buhun, aka tura hannu a ciki, aka ce mu tafi. Daga nan na jingina kai da gilashi. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, gero ya fara sunkuyar da kai. Na riƙa ganin kamar Baba yana tafe a gefen hanya da kwashensa na noma a kafaɗa, motar ba ta cim masa, shi kuma bai waiwayo ba.

Na sauka a mararraba na hau babur zuwa Birnin Tsaba, domin can ne aka ce an ga Baffa Yero bayan ya bar mu. Ban damu da neman bukka ba. Bukkar makiyayi ba ta kai damina guda. Abin da ke daɗewa shi ne abin da shanu suka bari. Inda garke ya kwana rani guda, shuka takan fito da duhun kore, ta fi ta kewaye tsawo, a zagaye kamar faifai. A gonarmu na san wannan tun kafin in san karatu.

Wani dattijo mai suna Malam Dan Ige na samu yana gyaran darni. Da na ambaci sunan Yero sai ya ajiye wuƙa ya dube ni da kyau.

"Kai ɗan wa na?"

Na gaya masa. Da ya ji Baba ya rasu sai ya yi mini gaisuwa, ya yi wa Baba addu'a ko da yake bai san shi ba, sannan ya ja ni bayan gari. Ya nuna da sanda. Da farko ban ga komai ba. Da iska ta kaɗa dawar sai zagayen ya bayyana, babba, ya kusa cinye rabin gonar, amma ya koɗe, sai ka kanne ido kake raba shi da sauran.

"Nan ya zauna rani guda," in ji Malam Dan Ige. "Shanu kamar ka taka bayansu ka ƙetare gonar. Har yau ina cin arzikin wancan zama."

"Ya bar turaka?"

"Ya cire abinsa. Ya ce mini yana da wasu a ƙasa can Kaura, mutum ba ya barin turke wuri biyu."

Na tsaya a tsakiyar zagayen. Ganyen dawa yana goga mini kunne, kuma na rantse na ji warin hayaƙin da ake yi wa shanu don korar ƙuda. Babu wuta ko'ina. Na fito.

A zaurensa na kwana. An kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya yi ta ba ni haƙuri wai babu nama, ni kuwa ban ci tuwo mai daɗinsa ba tun rasuwar. Da safe ya ce in nufi Moriki in tambayi dillalan kara, wato kasuwar shanu.

Moriki

Mai babur ɗin da ya ɗauke ni mutum ne mai surutu, sai dai akwai wuraren da yake yin shiru ya ƙara wuta, ni ma ban tambaye shi dalili ba. Mun ratsa ƙauyukan da ciyawa ta tsiro a ƙofar masallatansu. Daga kan babur na riƙa hango zagaye-zagaye masu duhu a cikin gonaki, wani nan, wani can, duk sun nufi arewa, kamar sawun wata babbar dabba da ta ratsa ƙasar tana tafiya a hankali.

Ba ranar kasuwa ba ce. Kara fayau, sai rumfuna da 'yan dillalai suna shan shayi. Babbansu, wani mai jan rawani, ya yi dariya da ya ji wanda nake nema.

"Yero mai rowa! Shekara da shekaru ina roƙon ya sai da mini farin bijimin nan, ya ce ba a sai da ɗan'uwa. To waɗanda suka zo suka kora ba su tambayi farashi ba."

Dariyar ta tsaya nan. Ya zuba mini shayi, ya ce ɓarayin daji sun kore wa Baffa Yero garke a dare guda, sai abin da ya ɓace a daji ya dawo da kansa. Ya ce abin da ya fi ƙona rai, da ya shigo gari neman taimako sai aka riƙa kallonsa kamar shi ya aiko su.

Ya sa aka kai ni gonar da Baffa Yero ya zauna a bakin gulbi. Wannan zagayen ba sai an nuna maka ba, korensa ya yi duhu sosai, amma bai fi faɗin tsakar gidanmu ba. Na kewaye shi da ƙafa. A Birnin Tsaba sai da na gaji kafin in ƙetare. Nan kuwa kafin in gama salati na dawo inda na fara.

Na zauna a kan buhun na ci hocen Inna. Na tuna yadda Baffa Yero yake kiran Baba "Kaɗona", wato Bahaushena, Baba kuma yana kiransa "mai kwana da ƙuda", su yi ta yi har a kira magariba, sannan su yi alwala da buta guda.

Dillalin ya ce labarin ƙarshe da ya ji, yana wajen Shinkafi, kusa da 'yarsa da ke aure can. Na sami mota da la'asar. Mun bi ayari, motoci a jere, kowa yana riƙe da na gabansa da ido. Wata mata a bayana tana ta jan carbi, jaririnta yana wasa da kunnena. Na kwana a Shinkafi wurin wani tela, abokin sana'ata, a kan benci tsakanin kekunan ɗinki.

Shinkafi

Da hantsi na tafi inda mata ke sai da nono. Na tambayi ta farko, ta ce ba ta san shi ba. Ta biyu ma haka. Na gane ba rashin sani ba ne, baƙo ne yake tambayar inda mutum yake kwana. Sai na ajiye buhun na ce ni ɗan Mamman ne na Kaura, mai gonar da ke da tsamiya. Wata mata da ke can gefe ta ɗago kai.

"Kai ne Lawali mai tsoron maraƙi?"

Hajo ce, 'yar Baffa Yero. Tare muka yi wasan ƙasa. Ta dubi fuskata, ta dubi buhun, ba ta ƙara tambaya ba. Ta bar wa maƙwabciyarta ƙwaryar, ta shige gaba ina biye.

Zangon yana bayan gari, a gefen gonar mijinta. Bukka guda, tabarma, buta. A gaban bukkar masara ta yi tsawo a wani ɗan zagaye da bai fi shimfiɗar mutum biyu ba. Can gefe karsana ja tana tuƙa.

Baffa Yero yana zaune a kan tabarmar. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna, ya shafa yatsun.

"Hannun Mamman, amma ba kantar noma. Ka gudu daga gona ke nan."

"Ɗinki nake yi, Baffa."

"Ina Kaɗona? Ya aiko ka don ƙafarsa ta fi ƙarfin hanya?"

Na tuna maganar Inna. Na jira Hajo ta dama fura, ya sha, na sha. Sannan na gaya masa Baba ya rasu.

Bai yi kuka ba. Ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo, rabi da Larabci rabi da Fulatanci. Ya tambayi ranar, ya tambayi wanda ya yi masa wanka, ya tambayi ko an yi ruwa ranar. Na ce an yi yayyafi. Ya ce Mamman yana son yayyafi. Karsanar tana can tana kaɗa wutsiya.

Na tura masa buhun. Ya kwance, ya ɗebi geron ya kai hanci.

"Wannan na wajen tsamiya na. Mi ya sa aka kawo? Ban zuba muku taki ba."

"Inna ta ce har yanzu wurin ya fi ko'ina yi."

Sai ya tambaya da kansa, kafin in buɗe baki. "Turakuna suna nan?"

"Suna nan, Baffa. Baba bai taɓa su ba."

A nan ne ya juyar da fuska wajen bukka. Ya daɗe a haka. Na gaya masa maganar da mutane ke yi, da abin da Yaya Bala ya ce, ban ɓoye komai ba.

"Bala yana da gaskiya," in ji shi. "Ban yi zaton Mamman zai riƙe ba. Ni na bar masa kaya a ka, ban aiko an sauke ba." Ya nuna wajen da karsanar take, ya dace daidai ko da yake ba ya gani. "Ga garken nan duka. Ka je ka cire su. Ka bar guda, na gindin tsamiya. Turke guda ba ya jawo magana, kowa zai ce na jaki na."

"Za ka zo, Baffa?"

"In an yi girbi, in hanya ta bari, in wannan ta yarda ta bi makaho. Ina so in tsaya a kan kabarinsa in gaya masa geronsa ya fara ƙanƙancewa."

Hajo ta yi dariya tana share ido da mayafi.

Komawa gida

Na bi ayarin washegari na sauka Kaura kafin azahar. Na faɗa wa Inna yadda muka yi, ta saurara har ƙarshe, ta ce to.

Da yamma ni da Yaya Bala muka tafi gona. Ƙirya ice ne mai taurin kai, sai da muka haƙa kewayen kowanne. Muka ɗaure su dami guda, Inna ta sa aka jingine a ɗakin Baba. Da muka zo kan na gindin tsamiya, Yaya Bala ya dafa shi ya girgiza, ya ga ya ɗan yi sako-sako. Ya ɗauki dutse ya ƙara buga shi ƙasa.

Ina godiya ga Malam Dan Ige da zaurensa, da dillalan Moriki, da telan da ya ba ni bencinsa, da direbobin da suka kai ni suka dawo da ni. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sa na sami mai saƙon yana nan. An fara yankan gero a gonakin da ke kusa da mu. Daga namu na ware wa Baffa Yero dami guda na ajiye a gindin tsamiya.