Layin da na goge a kuncin kakana

Na karanta labarai a gidan rediyo har ban san iyakarsu ba, yawancinsu kuma na manta da su tun kafin in tashi daga gaban makirufo. Amma akwai wata ranar Asabar a Argungu da ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi, ranar da na kai wa kakata hoton mijinta ta ce ba shi ba ne.

A lokacin ina aikin fassara da karanta labarai a Birnin Kebbi. Aikin ya saba mini da tsabta: kalmar da ba ta da amfani a cire ta, jimlar da ta karkace a miƙar da ita, tarin da ya shiga magana a yanke shi. A gefe guda kuma na kamu da son gyaran hoto a kwamfuta. Salo biyu na fi ƙwarewa a kai. Akwai hoton haske, inda ake wanke bayan mutum ya yi fari tas, a tausasa inuwa, fuska ta fito kamar tana shawagi cikin hantsi. Akwai kuma hoton duhu, inda ake baƙanta komai, a bar haske ya faɗo ta gefe ɗaya kawai, fuska ta taso a hankali kamar mai fitowa daga ruwa. Abokan aiki sukan kawo mini hotunan aure da na suna, su yaba, ni kuma kaina ya ɗan kumbura.

Kakata, wadda ta haifi babana, tana zaune a gidanmu na gado a Argungu. Kakana masunci ne, ya rasu tun ba a haife ni ba. A shekarar da nake ba da labari idanunta sun riga sun yi nisa da tafiya. Likita ya gaya mana gaskiya, jijiyar idon ce ke mutuwa sannu a hankali, magani zai rage mata gudu amma ba zai tsayar da ita ba. Abin da ya rage mata shi ne ta ga fari sosai idan yana kusa da baƙi sosai. Duk abin da ke tsakani ya zama toka.

Wata rana na je gaishe ta, ta buɗe tsohuwar kwallarta, ta zaro wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin zannuwa.

"Ango," in ji ta, don haka take kirana, "an ce kana gyaran hoto cikin wanga akwati naka."

"Ni labarai nake karantawa, Amarya."

"Rufe min baki. Diba wanga."

Ɗan ƙaramin hoto ne, bai kai tafin hannun jariri ba, irin wanda ake liƙawa a kati. Ya koɗe, ya yi ruwan ƙasa, duk jikinsa ƙarce-ƙarce. Shi kaɗai ne hoton kakana a duniya.

"Wato mutumin da ya riga ni shiga gidan nan za ki sa in yi wa kwalliya?" na ce.

"Ya hi ka komi. Shi kihi yaka kawo min, kai ko sai surutu cikin rediyo."

Muka yi dariya. Sai ta sa yatsa tana shafa gefen takardar. "Shekara biyu ke nan, in na ɗauko shi hayaƙi kawai nika gani. Ina son in ƙara ganin huskatai kahin idon ga su ida rufewa."

Na ce ta ba ni mako biyu. Na sa hoton cikin littafi, na rungume jakar har Birnin Kebbi.

Kullum bayan la'asar, idan na sauka daga aiki, sai in rufe ƙofa in zauna da kakana. Na fara ɗaukar hoton da na'urar sikana, na buɗe shi har ya cika fuskar kwamfuta. Dokar farko ta wannan sana'a ita ce ba a taɓa asali. Ana ajiye shi a ƙasa, a yi ta ɗora wasu shafuka a kansa kamar fallayen gilashi, duk gyara a kan na sama ake yi. Na raba mutumin da bangon da ke bayansa, na bi gefen hularsa da kunnuwansa a hankali, na dawo da baƙin da ya koɗe, sannan na shiga ɗinke ƙarce-ƙarcen. Akwai wani burushi a manhajar da ke ɗebo fata mai lafiya daga kusa ya shafa a kan wurin da ya lalace. Da shi na yi ta bi, ɗaya bayan ɗaya.

Idan ka daɗe kana kallon fuska ɗaya a kusa haka, takan daina zama fuska. Goshinsa ya koma mini fadama bayan girbi, zanen Kabawa da ke kuncinsa, layukan nan da ke tasowa daga gefen baki su bazu zuwa kunne, suka koma kunyoyin gona. Cikin ƙwayar idonsa na dama akwai wani ɗan farin ɗigo mai kusurwa huɗu, na gane ƙofar shagon mai hoton ce, a buɗe, da ranar wata shekara da ban sani ba tana shigowa. Wani lokaci sai kiran magariba ya farkar da ni, in ga hannuna a kan linzamin kwamfuta, ban motsa shi ba tun ɗazu. Ban taɓa jin muryar mutumin nan ba, amma a makon nan biyu na riƙa jin kamar in na ƙara haske kaɗan zai yi gyaran murya.

A kuncinsa na hagu akwai wani layi da ya saɓa wa sauran. Maimakon ya bi sahu, sai ya karkace ya ratsa biyu daga cikinsu, ya nufi ƙasan ido. Zanen Kabawa na san shi tun ina yaro, a fuskokin tsofaffin unguwarmu na tashi, na kuma san ba ya ratsa juna. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ce wannan ma ƙarcewar takarda ce, na ɗora burushi, cikin minti ɗaya kunci ya yi tsaf. Har na ji daɗin yadda layukan suka jeru.

Na fitar da hoto biyu, na haske da na duhu, na kai aka buga mini su manya, kowanne ya kai faifan tankaɗe. Ranar Asabar da safe na shiga mota. Damina ta yi nisa, daga Ambursa zuwa gaba shinkafa ta rufe fadama, kore har inda ido ya tsaya, balbelu suna tashi suna sauka a cikinta. Ina ta tsara yadda za ta yi, ko kuka ko guɗa.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, gwaggona, ƙanwar babana, tana tsince mata shinkafa. Na fara miƙa na hasken, don shi na fi alfahari da shi. Ta kai shi daf da hancinta, ta matsar, ta juya shi.

"Mi na na? Madara ka zuba ga takarda?"

Gwaggo ta ce, "Inna, ai Baba ne, ya yi kyau ƙwarai."

"Ku ka ganin kyau. Ni ban ga kowa ba."

Nan na gane kuskurena na farko. Na san abin da likita ya faɗa, amma da na zauna aiki sai na yi hoton da ya dace da idona. Na karɓe shi, na ce mu shiga ɗaki. Na jingina na duhun a bango daidai inda hasken taga ke sauka, na zaunar da ita a gabansa.

Ta ƙura masa ido. Sannan ta ɗaga hannu a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi mai barci. "Ga hula," ta ce. "Ga hanci nai." Muryarta ta sauya, ta yi ƙasa. Ta ɗora yatsa a kuncin dama ta bi layukan ɗaya ɗaya, leɓɓanta na motsi. Ta koma na hagu ta bi. Ta tsaya. Ta sake bi daga farko. Sai ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Wanga wani Bakabe na. Kyakkyawa na, amma ba nawa na ba."

"Amarya, daga hoton da kika ba ni na fitar da shi."

"To ina karkataccen?"

Na ce wane karkatacce.

"Ran da wanzami ka yi mai zane, wanzamin yay yi atishawa, aska ta zame. Uwatai ta yi kuka, ta ce an ɓata mata ɗa. Duk bakin gulbi da shi aka gane shi. Ran da nif fara ganinai, ya hito ruwa rungume da gora, rana ta dake shi ta nan," ta taɓa kuncinta na hagu, "ban ga komi ba sai wanga layi. Nic ce ma ƙawata, wane na mai huska kamar an yi rubutu an soke?"

Gwaggo ta saki dariya, ta kuma share ido da bakin gyale. Ni ban iya dariya ba. Na tsaya ina kallon kuncin da na share da hannuna.

"Ɗauke shi, Ango," ta ce, ba da faɗa ba. "Ka yi ƙoƙari. Wataƙila idon na ba su kai ba."

Wannan maganar ce ta fi yi mini ciwo, yadda ta ɗora laifin a kan idonta. Na ce ta jira ni. Kwamfutar tana cikin jakata. Na buɗe ta a kan turmi da aka kife, na roƙi Gwaggo ta saki labule, ɗakin ya yi duhu duk da rana na tsaka a waje. Na kashe shafukan sama ɗaya bayan ɗaya har na iso asali. Layin yana nan inda yake. Da na matso da shi sosai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Ƙarcewar takarda fara ce, miƙaƙƙiya, ba ruwanta da fuska, takan wuce ta kan hula da bango. Wannan kuwa ya bi tudun kunci ya lanƙwasa da shi, yana da 'yar inuwarsa a gefe ɗaya. A cikin fata yake.

Na goge gyarana a daidai wurin, layin ya taso daga ƙasa. Na ɗan haskaka bakinsa na sama, na ƙara wa inuwarsa duhu, don idonta ya kama. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Hasken ga ta ina yaka hitowa?"

"Ta dama na sa shi."

"Mai da shi hagu. Rana ta hagu tad dake shi."

Aikin da zai ci yini guda ne idan ana son ya yi tsaf, amma na yi shi a gurguje, na nutsar da kuncin dama cikin duhu, na buɗe na hagu. Tana ta ba ni umarni kamar shugabar sashe a wurin aiki. Ƙara. Ya yi yawa. Rage kaɗan.

Fuskarta da tasa suna kallon juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taƙi ɗaya ba, hasken allon kwamfutar ya kwanta a kan nata zanen. A waje wata mai tallar nono ta wuce, tattabaru suna kuka a kan katanga, duk na ji su kamar daga wani gari. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba.

"Malam," ta ce a hankali, da sunan da take kiransa da shi. "Kai ka tsaya yaro, ni ka bar ni nit tsuhwa."

Sannan ta juyo inda take jin numfashina. "Shi na. Tashi ka ba mu wuri, Ango, na sake ka."

Na fita na zauna a zaure. Gwaggo ta kawo mini fura, na riƙe kwanon ban sha ba.

Na bar mata kwamfutar kwana uku, Gwaggo na kunna mata, sannan na buga sabon hoton na kai. Ta kalle shi watanni, kullum da hantsi. Kafin wata damina ta zagayo ganin ya tafi gaba ɗaya, ba ta kuma taɓa yi mana ƙorafi a kai ba. Takan ce ta ga abin da take son gani.

Ni kuwa abin da na koya shi ne, iya gyara ba ya ba mutum izinin gyarawa. Da na yi mata tambaya ɗaya kafin in ɗora burushi, da ban kusa hana ta ganinta na ƙarshe ba. Har yau ina gyaran hoto, na haske da na duhu, amma duk wanda ya kawo mini fuskar wani nasa, sai na zaunar da shi ya ba ni labarin mai fuskar tukuna. Abin da baƙo zai kira aibi, sau da yawa da shi masoyi ke gane nasa.