Kanwar da Na Daka

Gidanmu a Fagge gidan kanwa ne. Kakanmu daga Barno ya zo da sana'ar, Baba ya gada, mu kuma muka tashi muna tsallake buhuna kafin mu kai ƙofar ɗaki. Don haka da Yayana ya dawo hutu daga Ingila, wajen ƙarshen shekarun 1950, ya ce kanwa yake bincike a kanta, sai da na yi dariya har da riƙe ciki. A ce an kai mutum bayan teku ya yi karatu, ya rasa abin karantawa sai abin da muke jefawa a miyar kuka.

Ya yi mini bayani, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce a wurin aikinsu akwai na'ura mai haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan aka haska ƙwayar kanwa guda, lafiyayya, wadda ba ta fashe ba, sai ɗige-ɗige su fito a jikin fim, daga nan su lissafa yadda Allah ya jera cikinta. Su uku suke aikin: malamarsu, wani Ba'indiye mai lissafi, da shi. Nasa kason shi ne ya kawo ƙwayoyin daga gida, ya ɗauki hotunan. Ya nuna mini wani fim ɗin. Na ce wannan ai kashin ƙuda ne a kan faifai, na koma kan tsintar shinkafata. Lokacin ina da aure da 'ya ɗaya, ina ji da kaina, ba na tsayawa sauraron abin da ban gane ba.

Mako uku ya yi yana yawo. Ya gama da buhunan Baba, ya tsallaka kasuwar Sabon Gari da gilashin ƙara girma a hannu, yana fasa curi yana leƙawa, 'yan kasuwa suna yi masa kallon wanda boko ya taɓa. Da ƙyar ya samu curi uku masu kogo a ciki, inda ƙwayoyi suka tsiro sirara suna sheƙi. Ya naɗe su a farin ƙyalle ya ajiye a kan akwatinsa.

Ana gobe zai hau jirgin ƙasa zuwa Ikko na zo gida haɗa masa guzuri. A wurinmu ba a sallamar matafiyi da ɗanyen kaya. Kuka a daka, yaji a daka, daddawa a daka, a tankaɗe, a ƙulle. Ni kuwa a dangi an san ni da iya daka, kuma ina son a faɗa. Na shiga ɗakinsa ɗauko gwangwanaye, na ga ƙullin. Raina har ɓaci ya yi: ɗan gidan kanwa guda zai tafi ƙasar mutane da curi kamar marar 'yan'uwa mata? Ban tambayi kowa ba. Na zuba a turmi, na daka, na tankaɗe da rariyar laushi har sau biyu.

Bayan la'asar ya dawo daga sallamar abokai. Na miƙa masa gwangwanin ina jiran yabo. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya murza garin. Sannan ya waiwaya ya dubi kan akwatinsa. A nan bayanin da ya yi mini ya dawo mini gaba ɗaya, har da kalmar nan, wadda ba ta fashe ba. Na ji kamar in nutse a tsakar gidan.

“Ta yi laushi,” in ji shi. “Sannu da aiki.”

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ɗauki hularsa ya nufi Sabon Gari da sauri, ya dawo da magariba hannu wofi. Da safe ya tafi, ya bar wa Inna gwangwanin.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ko a wasiƙa. Sai bayan shekaru matarsa ta gaya mini sauran, ba tare da ta san ni ce na daka kanwar ba. Abokan aikinsa sun jira, da suka gaji suka samo ƙwayoyi daga wani tafki a gabashin Afirka, wani ɗalibi ya ɗauki hotunan. Takardar binciken ta fito, masana suna ta ambatonta, babu sunansa. Ta ce duk wanda ya tambaye shi yakan ce kanwar ce ta lalace a hanya.

Kunya ta hana ni gaya mata gaskiya a ranar, kuma kunyar ce ta hana ni neman gafararsa har ya rasu. Gwangwanin nan kuwa Inna ta fi shekara tana ɗiba tana miya, kullum na zo sai ta yaba laushin garin a gaban mutane.